Ciwo dabam, cuta dabam

Idan mutum ya kwana bai ji daɗin jikinshi ba, da safe sai a ce ba shi da lafiya. Maƙwabta su zo gaisuwa, su ce: «Ina jiki?» Shi kuma ya amsa: «Da sauƙi.» Gaisuwar ɗaya ce, ko daga bisa jaki ya faɗo, ko ƙyanda ce ta kama shi, ko ko yunwa ce ta kayar da shi.

Kalmar «ciwo» ma haka take. Ana cewa ciwon kai, ciwon ciki, ciwon haƙori, ciwon baya. Ana kuma cewa ciwon suga da ciwon sanƙarau. Ga kunne duk ɗaya ne, amma ga ma'aikatan kiwon lafiya akwai bambanci babba. Wanda ya ce «ciwon kai» wuri kaɗai ya faɗi: kai ne ke ciwo. Bai faɗi dalili ba. Sanƙarau kuwa sunan abu ne guda, sananne, mai dalilinshi da alamunshi da maganinshi. Irin wannan shi ake kira cuta. A Faransanci ana ce mata «maladie».

Duk abin da ke damun jiki har ya sa a nemi likita, matsalar lafiya ce. Cuta tana cikinsu. Kowace akuya dabba ce, amma ba kowace dabba ce akuya ba. Haka nan kowace cuta matsalar lafiya ce, amma akwai matsalolin lafiya da yawa waɗanda ba cuta ba ne.

Yadda ake gane cuta

Cuta tana da abin da ke kawo ta. Tana da alamun da take nunawa. Tana da hanyar da take bi a jiki tun daga farkonta har ƙarshenta. Ƙyanda misali ce mai kyau. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ƙarama ƙwarai, wadda ke tashi daga mai tari ko atishawa ta shiga hancin wani. Yaron da ya shaƙe ta ba ya jin kome nan da nan. Sai bayan kwana 10 zuwa 12 jikinshi ya yi zafi. Yana tari, majina na zuba, idanu sun yi ja. Bayan kwana 3 ko 4 ƙuraje su fito a fuska da bayan kunne, su gangara ƙirji, su kai ƙafafu. Haka take yi a Maraɗi, haka take yi a Tawa, haka take yi a Indiya. Wanda ya yi ta sau ɗaya ba ya sake yin ta. Tsofaffin mata sun san wannan hanya tun kafin a gina gidan likita a garinsu, shi ya sa suka ba ta suna nata na kanta.

Sanin dalilin cuta shi ke ba mutane ƙarfi a kanta. Da can kurkunu yana kwantar da manoma a tsakiyar damana, lokacin da gona ta fi bukatar hannu. Tsutsa ce doguwa, takan kai mita ɗaya, tana fitowa a ƙafa sannu sannu, da zafi kamar wuta. An bincika, aka gane cewa ƴaƴanta suna zaune cikin wasu ƙananan ƙwari na ruwan tafki. Mutum ya sha ruwan bana, tsutsa ta fito baɗi. Da aka san haka sai aka shiga tace ruwa da ƙyalle, aka gina rijiyoyi da famfuna, aka hana mai kurkunu shiga tafki. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa babu sauran kurkunu a Nijar.

Agana ta fi kurkunu muni, ita ma ta tafi. Mutum na ƙarshe da ta kama a cikin gari, a ƙasar Somaliya ne, a 1977. A 1980 aka yi shelar cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Dattawa da yawa suna da tabon lambarta a damtse. Ciwon kai kuwa, babu ƙasar da za ta yi shelar ta kore shi, domin ba abu guda ba ne da za a bi sawunshi a kashe.

Ba dukan cututtuka ne ƙwayoyi ko tsutsotsi ke kawowa ba. Amosanin jini, wanda ake kira sikila, gado ne: yaro yana samun shi ne idan ya gaji irin daga uwa da uba duka biyu, kuma ba a ɗaukar shi wajen wasa ko wajen cin tuwo. Maƙoƙo, kumburin nan na wuya, yawanci rashin wani sinadari ne mai suna iyodin a cikin abinci, shi ya sa ake zuba sinadarin a gishirin da ake sayarwa. Hawan jini kuma cuta ce mai ɓoyo. Mutum yakan yi shekaru da ita yana noma, yana zuwa kasuwa, ba ya jin ciwon kome. Sai an ɗaura mashi abin awo a damtse ake gane ta. Ashe ana iya yin cuta ba ciwo, kamar yadda ake iya jin ciwo ba cuta.

Alama

Manomi ya je gona, ya tarar ganyen geronshi ya yi ɗorawa. Ba ya cewa «ɗorawa ce ta kama gonata». Yakan duƙa ya duba. Wataƙila ruwa ne ya yanke. Wataƙila ƙuduji ne ya fito a gindin geron yana shan ƙarfinshi. Wataƙila tsutsa ce a cikin kara, ko ko ƙasar ce ta gaji tana son taki. Launin ganye ɗaya ne, dalilai huɗu, kuma kowane dalili da aikin da yake so. Wanda ya zuba taki alhali tsutsa ce ke ci, ya yi asarar takinshi da geronshi.

Jikin mutum ma yana nuna damuwarshi ta irin wannan hanya. Zazzaɓi, tari, amai, zawo, ciwon kai, jiri, kasala, duk alamu ne. A Faransanci ana ce ma alama «symptôme». Alama guda tana iya fitowa daga cututtuka goma. Tana kuma iya fitowa ba tare da wata cuta ba.

Zazzaɓi ya fi dukansu ruɗar mutane. Zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37. Idan ma'aunin zafi ya nuna 38 ko fiye, ana cewa akwai zazzaɓi. Jiki ne ke ƙara wuta domin ya yaƙi abin da ya shige shi. Amma ma'aunin ba ya faɗin sunan abin.

Ga yara biyu, ƴan shekara bakwai bakwai. Na farko jikinshi ya yi zafi a watan Satumba, lokacin da tafkuna suka cika, sauro ya yi yawa. Yana rawar ɗari, kai na ciwo, ya yi amai, can sai gumi ya karyo mashi. Uwarshi ta kai shi gidan likita. Aka soki yatsanshi, aka ɗiga jini a bisa wani ɗan abin gwaji. Bayan minti 15 zuwa 20 layi biyu suka fito. Zazzaɓin cizon sauro ne. Aka ba shi maganin da ake sha kwana 3, aka ja kunnen uwar kada ta tsaida shi ko da yaron ya tashi yana wasa a rana ta biyu.

Wannan cuta wata ƙaramar halitta ce ke kawo ta. Macen sauro ce ke zuba ta a jini da dare. Takan fara zama a hanta, daga nan ta shiga jini tana fasa jajayen ƙwayoyinshi. Wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran shi ya fara ganin ta a jinin marasa lafiya, a ƙasar Aljeriya, a 1880. A 1897 wani likitan Ingila mai suna Ross ya gano ta a cikin sauro, a Indiya. Kafin nan Turawa suna tsammani mugunyar iskar fadama ce ke kawo ciwon. Har yau akwai masu cewa cin tumu ne ko dukan ruwan sama. Ba su yi ƙarya ba game da lokaci, gama tumu da ruwa da sauro tare suke zuwa. Dalilin ne suka kuskure.

Yaro na biyu jikinshi ya yi zafi a watan Maris, ana iska mai ƙura, rijiyoyi sun yi ƙasa. Shi ma kai na ciwo, shi ma ya yi amai. Ubanshi ya ce: «Zazzaɓi ne, irin na bara.» Ya tsaida mai tallar magani, ya sayi ƙwaya huɗu. Yaro ya sha, zafin ya sauka, kowa ya yi murna. Da dare zafin ya dawo. Da asuba yaron ba ya iya sunkuyar da kai har haɓa ta taɓa ƙirji, wuya ya sandare, ba ya son haske, magana ta fara ruɗewa. Wannan sanƙarau ne. Ƙwayoyin cuta ne suka kama fatar da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Sanƙarau yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya tsira a makare yakan rasa jinshi, ya zama kurma. A asibiti akan ɗebi ɗan ruwa daga gadon baya a gwada, a fara allura ba tare da jinkiri ba.

Ƙwayar da uban ya saya ba ta jabu ba ce. Farasitamol ce, ta kuma yi aikinta: ta sauke zafi. Amma ba ta taɓa ƙwayoyin cutar ba. Kamar mai gida ne da karenshi ya yi ta haushi da tsakar dare, ya fito ya doki karen har ya yi shiru, ya koma ya kwanta, ɓarawo kuwa yana cikin rumbu. Daren nan guda da aka ɓata ya fi kuɗin maganin tsada nesa ba kusa ba.

Nijar tana cikin jerin ƙasashen da sanƙarau ya saba ziyarta, daga Senegal har Habasha. Yakan zo tun daga ɗari har bazara, ya ja da baya idan ruwan farko ya sauka. A watan Disamba na 2010 aka fara wata sabuwar allurar rigakafi a Nijar da Mali da Burkina Faso, wadda ta karya ƙarfin irin sanƙarau ɗin da ya fi yin ɓarna a da. Amma sanƙarau iri iri ne. A 2015 wani irin dabam ya ɓarke, ya kama mutum fiye da 8000, ya kashe fiye da 500. A watan Afrilu na shekarar har makarantun Yamai aka rufe na ƴan kwanaki. Saboda haka zazzaɓin rani ba abin rainawa ba ne, ko da an yi ma yaro rigakafi.

Jariri ba ya iya cewa wuyanshi na ciwo. A wurinshi maɗiga ake dubawa. Idan ta kumbura ta yi tauri, ga zazzaɓi, ga ƙin nono, sai a ɗauke shi a tafi, ko da dare ne.

Zawo

Zawo ma alama ce. Ƙwayoyin cuta iri dabam dabam ke kawo shi, ta ruwa marar tsabta, da hannun da ba a wanke ba, da abincin da ƙuda ya sauka a kai. Idan da jini a ciki, atini ne. Idan yana zuba kamar ruwan wankin shinkafa, ga amai, kuma mutane da yawa a unguwa sun kamu lokaci guda, ana tsoron kwalara.

Sai dai a nan akwai abin lura. Abin da ke kashe yaro mai zawo, yawanci ƙarewar ruwan jiki ne. Idanu su faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ragu, maɗiga ta lotsa. Wannan matsala ba ta jiran a san sunan cutar. Tun a gida ake fara ba shi ruwan gishiri da sukari. Akwai na ƙunshi da ake samu a gidan likita, a zuba ƙunshi guda a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, uwa kuma ta ci gaba da ba shi nono. Ruwan nan ba ya kashe ƙwayar cuta ko guda. Rai yake riƙewa har a kai wurin da za a nemi dalili.

Matsalolin da ba cuta ba

Yaro ya hau bishiyar mangwaro, reshe ya karye, ya faɗo, hannu ya karye. Yana jin ciwo ƙwarai, amma ba shi da cuta. Hatsari ne. Babu mai ɗaukar karaya daga wurinshi, babu kuma ƙwayar da za ta haɗa ƙashi idan ba a daidaita shi an ɗaure ba. Mutanen da sun san haka, shi ya sa aikin maɗori dabam yake da na mai ba da magani. Ƙunar wuta, yankan lauje, harbin kunama, sarar maciji, duk wannan layi suke bi.

Amma rauni ƙofa ne, cuta tana iya shiga ta nan. Ƙwayar cutar da likitoci ke kira tetanos tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Idan ta shiga ta wurin sukar ƙusa ko ƙaya, ko ta cibiyar jariri da aka yanke da aska marar tsabta, sai haƙora su sarƙe, jiki ya sandare. Cizon kare rauni ne kawai a ranar farko. Idan karen mahaukaci ne, cutar haukan kare tana tafe, kuma in alamunta suka bayyana ba a tsira. Don haka ake wanke wurin cizon da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi neman allura a ranar.

Ciki ba cuta ba ne. Mace mai ciki tana iya yin amai da kasala, lafiyarta lau. Duk da haka tana zuwa awo, domin a duba jininta da kwanciyar ɗan, a gano matsala tun tana ƙarama. Tsufa ma ba cuta ba ne.

A cikin aji ma ana samun irin waɗannan. Ɗalibar da ke zaune a baya tana ƙanƙance ido, tana kwafe kalmomi ba daidai ba, wataƙila ba ragguwa ba ce. Allon ne ba ta gani sosai. Bukatarta a maido ta gaba, a auna idonta, a yi mata tabarau. Ɗalibin da ya taho makaranta da ƙafa a watan Afrilu, zafi ya wuce digiri 40, bai karya kumallo ba, kai zai yi mashi ciwo, jiri ya ɗebe shi. Maganinshi inuwa da ruwa da fura. Idan ya sha ya huta bai warware ba, ko jiki ya ɗau zafi, to, magana ta sake, sai a nemi likita.

Tsakanin matsala da cuta babu katanga. Tamowa takan fara ne daga rumbu: abinci ya ƙare, ko kunu kaɗai ake ba yaro bayan yaye, ba wake, ba gujiya, ba nono. Wannan matsalar gida ce, ba ta jiki ba. Idan ta daɗe sai ta koma cuta sosai. Yaro ya rame, ko ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja, kuma ƙaramin zawo ko ƙyanda su kayar da shi. A 2005, bayan fari da fara, an ga haka da yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ana gane ta da wani ɗan zare mai launi uku da ake zagaya ma damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Idan awon bai kai santimita 11 da rabi ba, ya faɗa cikin ja, yaron yana bukatar kulawar likita da abinci na musamman. Idan ya warke ya koma gidan da rumbunshi yake wayam, zai sake dawowa.

Abin da likita ke tambaya

Wasu sukan ji haushi idan ma'aikacin lafiya ya tsaya yana tambayoyi maimakon ya miƙo magani. Yaushe ya fara? Da dare ya fi tsanani ko da rana? Me ya ci? Akwai wani mai irin ciwon a gida? An ba shi wani magani? Tambayoyin nan su ne duƙawar manomi a gindin gero. Bayan su sai ya duba ido da harshe, ya saurari ƙirji, ya auna zafi, in ya cancanta ya gwada jini ko fitsari ko majina. Wani lokaci yakan ce babu cuta, a je a huta, a sha ruwa. Wannan ma amsa ce, ba rowar magani ba ce.

Ɗan makaranta yana da abin yi a nan. Ya iya rubutu, ya san kwanan wata. Idan ƙanenshi ya kwanta, yana iya rubuta ranar da zafin ya fara, da sau nawa ya yi zawo, da sunan ƙwayar da aka ba shi, ya ajiye kwalin. Yana iya tuna ma iyaye su ɗauki katin rigakafi. Akwai kuma alamun da ba a kwana da su a gida: yaro ya kasa sha ko tsotson nono, yana amayar da duk abin da ya shiga bakinshi, yana sanƙamewa, barci ya danne shi ba ya farkawa sosai, numfashi na fita da sauri ko da ƙyar, ko wuya ya sandare. Idan aka ga ɗaya daga cikinsu sai a nemi amalanke ko babur.

Tambayoyi

1. Ciwon kai da sanƙarau, wanne ne sunan cuta? Don me?
2. Yara biyun nan sun yi zazzaɓi. Wace alama ce ta bambanta na biyu da na farko?
3. Me ya sa aka iya korar kurkunu daga Nijar?
4. Ruwan gishiri da sukari ba ya kashe ƙwayar cuta. To, mene ne amfaninshi?

Aiki

Kowane ɗalibi ya tambayi wata tsohuwa a gidansu sunayen ciwo guda 10 da ta sani. A rubuta su a allo, a raba su gida uku: cuta, alama, hatsari. Waɗanda aka yi gardama a kansu a kai ma ma'aikacin lafiya na gari, a kuma tambaye shi sunansu da Faransanci.